An shafa wa gidajenmu jan fenti: kotu za mu fara zuwa ko titi?

Ɗan Bakin Rafi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka da harkar fili a nan Kaduna. Unguwarmu tana gefen gari kusa da rafi, gidaje sun kusa ɗari biyu. Kaɗan ne ginin bulo, mafi yawa na laka ne da bacocin kwano da katako. Ranar Litinin wasu ma'aikata suka shafa jan fenti a bangaye, suka ce mako uku suka ba mu, ba su kuwa miƙa wa kowa takarda ba. Babu mai takardar mallaka ta gwamna a cikinmu. Wasu takardar ciniki gare su mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wasu gado suka ci, sauran 'yan haya ne.

Matasa sun ce a tare babban titi ranar Juma'a da an sauko daga masallaci, dattawa sun ce a je a yi roƙo. Shin wanda ba shi da takardar gwamna yana da wani haƙƙi? Sai mun nemi izinin 'yan sanda kafin mu fita? An kuma ce mana akwai ƙungiyar mazauna bacoci a Afirka ta Kudu da ta kayar da gwamnati a kotu, ta wace hanya suka bi?

Lauyan Talaka ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo muku mafita, Malam. Ku ajiye maganar Juma'a tukuna, don kwanaki ukun farko na takarda ne.

Jan fenti a bango ba sanarwa ba ce a idon doka. Ku ɗauki hoton kowane bango tare da abin da aka rubuta, sannan ku gano wace hukuma ce ta zo. A Kaduna KASUPDA ce ke kula da tsarin gine-gine, KADGIS kuma ke riƙe da bayanan filaye, amma akwai filayen da ke hannun hukumomin tarayya, kamar na layin dogo da na soja. Idan kuka kai ƙarar wanda ba shi ne ya yi aikin ba, kun ɓata makonni a banza. Ku rubuta wasiƙa kuna tambayar dalilin alamar da dokar da aka dogara da ita, ku kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wasiƙar da ba ta da hatimi, gobe za a ce ba a taɓa ganinta ba.

Game da haƙƙi, mutanenku ba matsayinsu ɗaya ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma sashe na 34 da na 36 sun ce wanda ke riƙe da fili tun kafin dokar ana ɗaukarsa tamkar an ba shi izinin zama, ko da babu takarda. Saboda haka masu gado, waɗanda kakanninsu ke wurin kafin 1978, sun fi kowa ƙarfi a cikinku, ko da su ne suka fi kowa talauci. Wanda ya saya a hannunsu daga baya yana rataye ne da ƙarfin wanda ya sayar masa. Inda abin ke lalacewa shi ne idan gwamnati ta taɓa karɓe wurin ta biya diyya shekaru da suka wuce, sannan 'ya'yan waɗanda aka biya suka dawo suka yanka suka sayar. A nan takardar ciniki ba ta cetar kowa, ko da hatimi goma ne a kanta.

Idan gwamnati na son karɓe fili daga mai haƙƙi, sashe na 28 ya ce sai don amfanin jama'a, kuma sai an ba mai wurin sanarwa a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta. Sashe na 29 ya tanadi diyya, sai dai ku sani ta gini ce da amfanin gona da bishiyoyi, ba ta ƙasar kanta ba. Shi ya sa mai baca yakan tashi da abin da ba zai kama masa hayar shekara ba. Sashe na 33 ya ba da damar a sauya wa mutum matsuguni a madadin kuɗi, kuma ga irin unguwarku wannan ya fi cancanta ku nema. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 shi ma ya hana karɓe dukiya ba tare da biyan diyya cikin hanzari ba.

Kada wani ya ruɗe ku da cewa tsarin mulki ya ba kowa gida. Sashe na 16 ya ambaci matsuguni, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi. Ƙofar da ake bi ita ce mutuncin ɗan Adam a sashe na 34 da haƙƙin a saurari mutum a sashe na 36, duk na tsarin mulkin. Da batun mutunci ne mutanen Otodo Gbame da sauran unguwannin bakin ruwa suka yi nasara a Babbar Kotun Legas ranar 21 ga Yuni 2017, inda alƙali ya ce korar mutane ba isasshiyar sanarwa ba wurin komawa cin zarafi ne. Abin baƙin cikin shi ne kafin hukuncin ya fito an riga an share unguwar, duk da akwai umarnin a dakata.

A aikace, ku zaɓi mutum biyar zuwa bakwai su shigar da ƙara a madadin kowa a Babbar Kotun Jiha, sauran su sa hannu ko su dangwala yatsa a takardar wakilci. Lauya ya nemi umarnin wucin gadi na dakatar da rusau. Wannan umarni gajeren rai gare shi, dole a biyo shi da buƙatar da za a saurara gaban ɓangarori biyu. Ma'aikacin kotu ne zai kai shi, ku karɓi shaidar isarwa, ku buga kwafi da yawa ku manna a mashigar unguwa, ku kai wa DPO na yankinku ɗaya. Abu biyu ke yawan kashe irin wannan ƙara tun ba a shiga gundarinta ba. Ɗaya, dokokin da suka kafa hukumomi da yawa sun ce sai an ba su sanarwa kafin a kai su ƙara, don haka lauya ya karanta dokar hukumar a ranar farko. Biyu, idan aka shigar da ita a matsayin ƙarar tauye haƙƙi alhali ainihin rigimar ta wa ke da fili ce, kotu na iya korarta. In babu kuɗin lauya, ku je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ku kuma kai koke ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kaduna.

Tsohon Safiyo ya amsa:

Barista ya gama magana ta fuskar doka. Ni abin da ya tsaya mini a rai kalmar "kusa da rafi" ce. Kusa kamar yaya? Duk wanda ya san abin da Kogin Kaduna ke yi wa Kigo Road da wasu sassan Nasarawa da Rafin Guza in damina ta yi nisa ya san ba kowace alama ce zalunci ba. Gidan da ke kan hanyar ruwa, ko kotu ta bar shi, ruwan Agusta da Satumba ba zai bar shi ba.

Ku ɗauko safiyo mai rajista ya ɗauki lambobin kusurwoyin unguwar duka, ba gida-gida ba, wannan ya fi sauƙin kuɗi in an yi karo-karo. Da waɗannan lambobi za a nemi bincike a KADGIS a ga me taswirar gwamnati ta ce game da wurin: an taɓa karɓe shi, an yanka wa wasu, ko yana cikin filin wata makaranta ko hanya. Rikicin unguwar Gbagyi Villa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ya ɗauki shekaru a kan wannan tambaya ɗaya, ina iyaka ta tsaya.

Ku duba sama kuma. In babbar wayar wuta ta ratsa ku, irin mai ƙarfin 330kV da ke fita daga tashar Mando, ƙa'ida mita 25 ce kowane gefe. Mai 132kV mita 15 ce kowane gefe. Wanda ke ƙarƙashinta ba shi da hujjar zama, sai dai ya nemi lokaci da wurin komawa.

Amfanin wannan awo shi ne ku raba gidajen kashi biyu da kanku kafin a raba muku. In gida talatin ne ke bakin ruwa, kada ku bari a share ɗari biyu da sunansu. Ku je da taswira ku ce waɗannan mun yarda su tashi in an ba su wuri, waɗannan kuma muna neman a daidaita musu takardu, mun kuma yarda a fitar da hanya da magudanar ruwa ko da za a ci katangun wasu. Jami'in tsara gari ya fi sauraron mai wannan magana. Akwai tsoffin hotunan sama a Google Earth da ke nuna yadda wuri yake shekaru da dama baya, ku sa wani yaro mai kwamfuta ya ciro muku na unguwarku, shaida ce ta daɗewa.

'Yar Kabala ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban yarda a ajiye maganar fita gaba ɗaya ba, Barista. Umarnin kotu da ba wanda ya ji labarinsa, katafila takan wuce ta kansa da asuba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tare titi ranar Juma'a.

Kafin komai, ɗan'uwa, ku ƙirga kanku. Littafi guda, kowane gida shafi guda: lambar da kuka ba shi da fenti, sunan mai gida, mutum nawa ke kwana ciki, yara nawa ke makaranta, masu ciki, tsofaffi, masu lalura, shekarar da aka zauna, da irin takardar da ke akwai, har rasit ɗin wuta da katin zaɓe mai adireshin wurin. Mata suka fi iya wannan aiki domin su ke shiga kowane ɗaki. Mutum goma za su gama gida ɗari biyu cikin kwana biyu. Ku ɗauki hoton kowane shafi ku ajiye a wayoyi uku, asalin takardun kuma a kai su gidan dangi a wata unguwa. Ranar rusau ba a tsayawa neman takarda a ƙarƙashin katifa. Idan babu wannan littafi, ranar da aka ce za a biya diyya za ku ga sunayen mutanen da ba su taɓa kwana a unguwar ba.

Izinin 'yan sanda kuwa ba a buƙatarsa. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba da 'yancin taro, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007, a shari'ar Sufeto Janar da jam'iyyar ANPP, cewa sharaɗin neman izini ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma, a sashe na 83, ta ce in an sanar da su, aikinsu ne su ba da tsaro. Don haka sanarwa za ku rubuta wa kwamishina, kwafi ga DPO, aƙalla kwana biyu kafin ranar, ɗauke da wurin taruwa, hanyar da za a bi, lokacin farawa da na tashi. Wannan ita ce doka. A ƙasa kuwa Kaduna gari ne mai saurin kamawa, kowa ya tuna Agustan 2024, yadda zanga-zangar tsadar rayuwa ta ƙare da dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, aka kwashi yara har Abuja. In akwai sanarwar hana taro a lokacin, ku tambayi lauyanku kafin ku taka.

Bayan sallar Juma'a ba ku da iko da wanda zai shigo cikinku, ofisoshi kuma sun watse, babu mai karɓar takarda. Ku zaɓi Talata ko Laraba, ƙarfe tara na safe, a gama kafin azahar. Ku nufi wuri guda da takardar koke guda, Majalisar Dokoki a Lugard Hall ta fi sauƙi, kuma ku sanar da ɗan majalisarku tun da wuri don a sami mai fitowa. Kowane mutum ashirin a ba su mai kula guda da riga mai kala. Ba sanda, ba ƙona taya, ba tutar jam'iyya, ba yaro ƙarami. Ku tsaya a hannu ɗaya na titi ku bar motoci su wuce. Wanda ya ɗauki dutse, masu kula su fitar da shi nan take, ko ɗan wa ne, domin dutse guda ya isa a kira taron haramtacce a harba barkonon tsohuwa.

Kwalaye su faɗi abin da kuke nema, ba zagi ba: a dakatar da rusau, a zauna da mu, a ba mu wurin komawa. Mutum biyu kawai za su yi magana da 'yan jarida, mace da namiji, in unguwar ta haɗa Musulmi da Kirista a ga liman da fasto a sahun gaba. A garin nan da zarar an liƙa wa kukanku addini ko ƙabila, an gama da shi. Lauya ya zauna da waya a kunne, da jerin sunayen duk wanda ya fita, da mutum uku masu katin shaida da za su tsaya beli. Wanda aka kama, tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma kada ya sa hannu a bayanin da bai karanta ba.

Malamin Tarihi ya amsa:

Ƙungiyar da aka ba ka labari ita ce Abahlali baseMjondolo ta birnin Durban. Ta samo asali ne a Maris 2005, lokacin da mazauna bacocin Kennedy Road suka tare babbar hanya na wasu awanni, bayan sun ga an fara aiki a filin da aka yi musu alkawarin gidaje. An kama mutum 14. Matasanku za su ce to ai ga shi, da tare titi suka fara. Haka ne, amma abin da ya raya su shi ne abin da ya biyo baya: kowace unguwa ta zaɓi shugabanninta a taron da kowa ke da bakin magana, aka haɗa unguwanni a ƙarƙashin inuwa guda, S'bu Zikode ya zama shugaba, suka kuma ƙi zama reshen kowace jam'iyya. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2006 suka ƙaurace da taken ba fili, ba gida, ba ƙuri'a.

A watan Fabrairun 2006 hukumar birni ta hana su tattaki, suka garzaya Babbar Kotu, aka ɗage haramcin, suka fita da takardar kotu a hannu. Babbar nasararsu ta zo a Oktoba 2009, da Kotun Tsarin Mulki ta soke sashe na 16 na dokar kawar da unguwannin bacoci da lardin KwaZulu-Natal ya kafa a 2007.

Sai dai kada a kwafo ba a duba ba. Sashe na 26 na tsarin mulkinsu ya faɗa ƙarara cewa ba a korar mutum daga gidansa ko a rushe shi sai da umarnin kotu, suna kuma da dokar 1998 da ta kare har wanda ya zauna a fili ba izini. Mu ba mu da irin wannan, shi ya sa Barista ke zagayawa ta sashe na 34 na tsarin mulkinmu, mai maganar mutunci. Sannan sun biya da jini. A Satumba 2009 wasu ɗauke da makamai suka afka wa Kennedy Road, shugabannin suka tsere, aka gurfanar da 'yan ƙungiyar 12, sai a 2011 kotu ta sallame su. An harbe Thuli Ndlovu, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar, a gidanta a 2014, daga baya aka ɗaure kansiloli biyu na jam'iyyar ANC kan kisan. A 2022 kaɗai an kashe Ayanda Ngila da Nokuthula Mabaso da Lindokuhle Mnguni, duk na unguwar eKhenana. Ina kawo wannan ne don ku kare waɗanda za ku sa a gaba. Kada shugabanci ya taru a wuyan mutum ɗaya, wanda za a iya tsoratarwa ko a saye shi da fili a wani wuri. Duk zaman da za a yi da hukuma a je mutum biyar, a rubuta abin da aka ce, a karanta wa jama'a a daren. Kuɗin karo-karo a riƙa faɗin abin da ya shiga da abin da ya fita kowane mako, domin zargin cin kuɗi ya fi katafila saurin rusa irin wannan tafiya.

Ɗan Bakin Rafi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Mun fara littafin yau. Saura 'yan haya: wasu masu gidaje sun ce kada a sa su, tunda ba su da fili.

Lauyan Talaka ya amsa:

A sa su, kuma a sa su cikin masu shigar da ƙara. Diyyar gini ta mai gida ce, wannan ba gardama. Amma hujjar mutunci da ta rashin sanarwa ta duk wanda ke kwana a wurin ce, kuma sau da yawa 'yan haya ne suka fi yawa, su ne kuma ba su da inda za su nufa. A shafin kowane gida a ware layin mai gida daban, na 'yan haya daban, da kuɗin da kowa ya biya da watan da hayarsa za ta ƙare. Mai gida ya sa hannu cewa in aka rushe kafin wa'adi zai mayar da ragowar kuɗin daga abin da aka ba shi.

Hajiya, na karɓi gyaranki game da fita, da sharaɗi ɗaya: a shigar da ƙara tukuna, lambar shari'ar ta kasance a saman takardar koken. Tun shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ba ta da hurumin amfani da ƙarfi a kan abin da ke gaban kotu. Malam, mako ukun da aka ba ku ya fara tafiya tun Litinin, don haka takardar wakilci da hotunan bangaye su isa hannun lauya kafin Alhamis.